SHARHI: Me ke sa masu gudun fanfalaki karɓar sanda domin tara kuɗin taimako?

Ranar 7 ga Yunin 2013 wasu masu gudu suka tashi daga bakin teku a birnin Los Angeles da ke yammacin Amurka, ɗayansu riƙe da wata sanda. Daga wannan rana sandar ba ta sake kwana a wuri ɗaya ba. Dare da rana tana wucewa daga hannu zuwa hannu, ta keta hamada da duwatsu da gonaki, ta ratsa jihohi 14, har ta isa birnin Boston da ke gabashin ƙasar bayan mako uku da 'yan kwanaki. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 5,300, kuma mutum fiye da 2,000 ne suka yi karɓa-karɓar ɗaukar sandar.

Abin da ya fito da su shi ne harin ranar 15 ga Afrilun wannan shekara, lokacin da bama-bamai biyu suka tashi kusa da layin ƙarshe na gudun fanfalaki na Boston. Mutum uku suka mutu, ciki har da yaro ɗan shekara takwas, fiye da 260 kuma suka jikkata. Wasu 'yan Birtaniya uku, Danny Bent da Kate Treleaven da Jamie Hay, su ne suka shirya gudun miƙa-sandar, suka raɗa masa suna One Run for Boston, da nufin tara kuɗi ga waɗanda abin ya shafa.

Da aka yi lissafi, abin da aka tara ya kai kimanin dala 91,000. Asusun da aka zuba kuɗin a ciki, One Fund Boston, ya raba kusan dala miliyan 61 a zagayensa na farko kawai. Idan aka raba dala 91,000 ga masu gudu 2,000, kowanne ya tashi da kimanin dala 45, abin da bai kai kuɗin takalmin gudu mai kyau a Amurka ba. Da kuɗi kaɗai ake nema, da kowannensu ya aika da nasa daga gida ya huta. Amma wasu sun yi nasu zangon da tsakar dare, wasu cikin zafin hamada. Ruwa ba ya tsami banza.

Tambayar abin da ke tura waɗannan mutane ta wuce ta son jin labari, domin harkar ta zama babbar hanyar samun kuɗi ga ƙungiyoyin agaji. A 2025 masu gudun fanfalaki na Landan sun tara fam miliyan 87.3 a tsere guda, kuma jimillar abin da aka tara tun fara gasar a 1981 ta daɗe da haura fam biliyan ɗaya. Akwai ɗakunan bincike da gidajen jinyar marasa lafiya da kasafinsu ya rataya a ƙafafun irin waɗannan mutane. Saboda haka dalilan da ke sa su gudu suna da hannu wajen zaɓar cutar da za ta sami kuɗin bincike da wadda za a manta da ita.

Yawanci daga ciwo ake farawa

Tarihin manyan shirye-shiryen gudun taimako ya nuna cewa galibinsu sun faro ne daga mutum ɗaya da wani ciwo ya taɓa. A watan Mayun 1985, Dokta Gordon Klatt, likitan fiɗa a birnin Tacoma na jihar Washington kuma mai gudun fanfalaki, ya shafe awa 24 yana zagaya filin wasa, yana gudu yana tafiya, saboda masu ciwon daji da yake dubawa. Ya ci kimanin kilomita 134, ya tara dala 27,000. Shekarar da ta biyo baya aka mai da abin na karɓa-karɓa, rukuni 19 suka shiga, aka tara dala 33,000. Wannan ne mafarin Relay for Life, wanda daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da dama.

A 1988 wani mutum mai suna Bruce Cleland, wanda 'yarsa ta yi fama da sankarar jini, ya haɗa mutum 38 suka shiga gudun fanfalaki na New York, suka tara dala 322,000. Daga nan aka sami shirin Team in Training, wanda ke horar da mutane kan gudun dogon zango, su kuma su tara kuɗin binciken cutar.

A 2010 wata matashiya mai suna Ashley Kumlien ta ratsa Amurka da gudu daga San Francisco zuwa New York saboda mahaifiyarta, wadda ke ɗauke da cutar MS, cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa rufin jijiyoyi. Daga 2013 ƙungiyar da ta kafa, MS Run the US, ta mai da tafiyar ta miƙa-sanda. Kowane mai gudu yana ɗaukar zango na kimanin kilomita 257 cikin kwana shida, wato kusan gudun fanfalaki guda a kowace rana, kuma sai ya tara dala 10,000. Tsawon gudun fanfalaki kilomita 42.195 ne, kusan nisan Kano zuwa Wudil.

Abin da ya haɗa waɗannan labarai shi ne halin da mai jinya yake shiga idan ya ga ciwon ya fi ƙarfinsa. Wanda ke zaune a bakin gadon mahaifiyarsa ba shi da maganin da zai ba ta, ba shi kuma da ikon rage mata raɗaɗi. Gudu yana ba shi aikin da ke da mafari da ƙarshe, wanda ake iya aunawa da kilomita da agogo, kuma yake ƙarƙashin ikonsa.

A Birtaniya, fitaccen misali shi ne na Kevin Sinfield, tsohon ɗan wasan zari-ruga na ƙungiyar Leeds Rhinos. A Disamban 2019 likitoci suka tabbatar wa abokin wasansa Rob Burrow cewa yana ɗauke da MND, cutar da ke kashe jijiyoyin da ke sarrafa motsin jiki, wadda har yanzu ba ta da magani. Bayan shekara ɗaya Sinfield ya yi gudun fanfalaki bakwai cikin kwana bakwai, saboda lamba bakwai ce Burrow yake sakawa a filin wasa. Fam 77,777 ya yi niyyar tarawa, sai ga shi ya tara fiye da miliyan biyu. A Mayun 2023 ya tura abokin nasa a keken guragu a gudun fanfalaki na Leeds, da suka zo dab da layin ƙarshe ya ɗauke shi a hannu suka tsallake tare. Burrow ya rasu ranar 2 ga Yunin 2024 yana ɗan shekara 41, Sinfield kuwa bai daina gudun ba.

Me ya sa sai an sha wahala?

A zahiri babu abin da ya haɗa zufar mai gudu da warkewar maras lafiya. Dala ɗaya dala ɗaya ce, ko an yi gudu kafin a bayar da ita ko ba a yi ba. Sai dai zuciyar ɗan Adam ba haka take lissafi ba.

A wani bincike da aka wallafa a 2013, masana halayyar ɗan Adam biyu, Christopher Olivola da Eldar Shafir, sun gano cewa mutane sun fi nuna shirin bayar da kuɗi mai yawa idan hanyar bayarwar ta ƙunshi wahala. Waɗanda aka gabatar wa da gudun mil biyar sun ambaci kuɗin da ya fi na waɗanda aka gabatar wa da taron cin abinci na shaƙatawa. A wani gwajin, waɗanda aka ce sai sun tsoma hannuwansu cikin ruwan ƙanƙara kafin su bayar sun fi sauran sakin hannu. Bayanin masanan shi ne wahala tana ƙara wa bayarwa ma'ana a idon mai bayarwa.

Wahalar tana kuma aiki a kan waɗanda ake roƙo. Roƙon kuɗi daga 'yan uwa da abokan aiki abu ne mai nauyin baki. Mutumin da ya shafe watanni yana tashi da asuba domin atisaye yana da hujjar da zai nuna, kuma wanda aka roƙa yana jin kunyar hana wanda ya riga ya biya nasa kason da jikinsa.

Abin da sanda ke ƙarawa

An daɗe da sanin cewa aikin taro yana iya kawo lalaci. Wani injiniyan aikin gona ɗan Faransa, Max Ringelmann, ya wallafa a 1913 cewa idan mutane suka taru suna jan igiya, ƙarfin da kowannensu yake sakawa yana raguwa gwargwadon ƙaruwar yawansu. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san mai laɓewa a bayan kunyar wani.

Gudun miƙa-sanda yana toshe wannan kafa. A shekarun 1920 wani masani Bajamushe, Otto Köhler, ya yi gwaji da 'yan ƙungiyar tuƙin kwale-kwale a Berlin, ya ga cewa idan sakamakon rukuni ya dogara ga wanda ya fi kowa rauni, mai raunin yana daurewa fiye da yadda yake yi idan shi kaɗai ne. A 2011 Joachim Hüffmeier da Guido Hertel suka duba sakamakon ninƙaya na gasar Olamfik ta 2008, suka ga cewa waɗanda ke zangunan ƙarshe a tseren karɓa-karɓa sun fi sauri a kan yadda suka yi a tseren mutum ɗaya.

A gudun miƙa-sanda kowane zango yana da mai shi, kuma an san sunansa. Wanda ke gudu shi kaɗai, idan ya gaji ya tsaya, kansa kawai ya cuta. Wanda ke riƙe da sanda ya san cewa akwai wani a gaba, tsaye a bakin hanya da ƙarfe uku na dare, yana jiransa, kuma akwai ɗaruruwa a baya da suka riga suka sauke nasu nauyin. Sandar ta zama amana.

Japanawa sun fi kowa sanin ƙarfin wannan. Gasar Hakone Ekiden, wadda aka fara a 1920, ana yin ta ranakun 2 da 3 ga Janairu: ɗaliban jami'a goma a kowane rukuni suna raba tafiyar kimanin kilomita 217 daga Tokyo zuwa Hakone da dawowa, suna miƙa wa juna ƙyallen da ake ratayawa a kafaɗa. Idan mai gudu ya makara fiye da ƙa'ida, ana sallamar na gaba ba tare da ƙyallen rukuninsu ba, kuma an saba ganin matasa suna zubewa ƙasa suna kuka saboda sun iso sun tarar babu wanda za su miƙa wa. Wannan gasa ba ta tara kuɗin taimako ba ce, amma ta nuna abin da ƙungiyoyin agaji suke amfana da shi idan suka saka sanda a hannun mutum.

Ga mai makoki ko mai jinya akwai wani amfanin. Doguwar jinya tana raba mutum da jama'a. A wurin miƙa sanda yakan haɗu da wanda ya sha irin abin da yake sha, wanda ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane.

Gurbi, suna da lafiyar jiki

Duk da haka, ba kowane mai gudu ba ne yake ɗauke da hoton mamaci a ƙirji. Tun 1993 masana uku, Kevin Masters da Benjamin Ogles da Jeffrey Jolton, suka fitar da ma'aunin dalilan masu gudun fanfalaki, wanda ya ƙunshi dalilai tara. Daga ciki akwai neman ma'anar rayuwa da samun sauƙin damuwa, akwai kuma rage ƙiba, son gasa da neman yabon mutane. Zuciya ɗaya tana iya ɗaukar da yawa daga cikinsu a lokaci guda.

Akwai kuma batun gurbi. Mutum 840,318 ne suka nemi shiga gudun Landan na 2025 ta hanyar ƙuri'a, alhali waɗanda suka kammala tseren 56,640 ne. Masu neman shiga na 2026 sun haura miliyan 1.1. Tun 1993 masu shirya gasar suke sayar wa ƙungiyoyin agaji gurabe, su kuma ƙungiyoyin su ba wanda ya yi alƙawarin tara wani adadi, galibi fam 2,000 ko fiye. A Boston, inda ake bukatar mutum ya cika wani mizanin sauri kafin ya cancanci shiga, gurbin ƙungiyar agaji shi ne ƙofar wanda ƙafarsa ba ta kai ba, kuma farashinsa dubban daloli ne. Wato akwai wanda gudun ne ya kai shi ga ƙungiyar, ya zaɓe ta ne saboda tana da gurbi.

Masu suka suna kiran wannan riya ko ciniki, musamman a zamanin da kowane atisaye ake ɗora hotonsa a Facebook da Instagram. Masanin tattalin arziki James Andreoni ya yi bayani tun 1990 cewa da wuya a sami kyauta wadda mai ita ba ya samun komai, ko da daɗin da yake ji ne a ransa. Ga ƙungiyar da ke biyan albashin ma'aikatan jinya, fam 2,000 na mai neman gurbi da na mai makoki aiki ɗaya suke yi. Niyya tsakanin mutum ne da Mahaliccinsa. Abin da jama'a ke iya aunawa shi ne abin da tsarin yake haifarwa, kuma a nan ne matsalolin suke.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya

Matsala ta farko ita ce wa ke iya shiga. Wanda zai tara dala 10,000 sai yana da abokai masu hali, ko wurin aikin da zai tallafa masa, ga kuma lokacin atisaye da kuɗin tafiya. Mai aikin ƙarfi da mahaifinsa ya rasu da ciwon huhu yana da baƙin ciki irin na kowa, amma ba shi da jerin mutanen da za su aiko masa da dala ɗari-ɗari.

Matsala ta biyu ta samo asali daga ta farko. Idan kuɗi yana bin labarin da ya fi taɓa zuciya, cututtukan da ake jin kunyar ambata, ko waɗanda ke kashe mutum da wuri har ba a samun waɗanda suka warke da za su tsaya su ba da labari, su ne ake bari a baya. Wani bincike da masana na Jami'ar Northwestern da ke Amurka suka wallafa a 2019 ya kwatanta kuɗin da ƙungiyoyin agaji ke samu da yawan ɓarnar kowane nau'in ciwon daji. Sun gano cewa sankarar mama da ta jini da ta ƙananan yara suna samun kuɗi sosai, yayin da ta huhu, hanta, hanji da bakin mahaifa ke samun ƙasa da abin da ya dace da yawan rayukan da suke ci. Cututtukan da ake dangantawa da shan taba ko barasa suna cikin waɗanda aka fi yi wa rowa.

MND ta yi dace da samun fitattun 'yan wasa da suka tsaya mata. Abin da Sinfield ya tara ya haura fam miliyan 10, kuma a Nuwamban 2021, bayan matsin lamba daga masu cutar da iyalansu, gwamnatin Birtaniya ta yi alƙawarin fam miliyan 50 domin bincike. Nasara ce babba, amma tana nuna yadda makomar masu wata cuta ke iya rataya ga sa'ar samun sanannen mutum a cikinsu.

Ina kuɗin suke zuwa?

Matsala ta uku ita ce bin diddigi. Labari mai sosa rai yana sa mai bayarwa jin nauyin tambayar lissafi. A Afrilun 2020, lokacin kullen korona, wani tsohon soja ɗan shekara 99, Kyaftin Tom Moore, ya zagaya lambun gidansa sau 100, aka tara kusan fam miliyan 39 ga ƙungiyoyin da ke tallafa wa asibitocin gwamnatin Birtaniya. Tafiya ce ya yi ba gudu ba, amma tsarin ɗaya ne: mutum ya wahalar da jikinsa, jama'a su buɗe aljihu. Waɗannan kuɗi sun isa inda aka nufa. Sai dai a Nuwamban 2024 hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji a Ingila da Wales ta fitar da rahoto kan gidauniyar da aka kafa da sunansa daga baya, inda ta ce an yi ta saɓa ƙa'ida, kuma wasu daga cikin iyalinsa sun amfana da kansu. Tsarkin niyyar dattijon bai kare gidauniyar daga abin da ya same ta ba.

Shi ya sa tambayoyin da suka fi amfani ga mai bayarwa na lissafi ne. Nawa ƙungiyar ta biya kafin ta sami gurbin? Nawa ake cirewa na shirya taro, motocin rakiya da shafukan intanet da ake tara kuɗin ta kansu? Kashi nawa ne yake isa ga maras lafiya ko ɗakin bincike, kuma a ina ake wallafa rahoton? Ƙungiyar da ke da gaskiya ba ta jin haushin waɗannan tambayoyi. Mai gudun ma ya fi kowa haƙƙin yin su, domin da sunan mahaifiyarsa ko abokinsa aka karɓi kuɗin.

Hakan bai rage darajar abin da masu gudun suke yi ba. A ranar harin Boston an tsayar da mutum fiye da 5,000 kafin su kai layin ƙarshe. Cikinsu akwai wata mata da mahaifinta ya zo kallonta, bam ya yi masa mummunan rauni. A daren da sandar One Run for Boston ta iso titin Boylston, ita ce ta miƙa masa ita yana zaune a keken guragu, ta tura shi suka tsallake layin da aka hana ta tsallakewa a watan Afrilu. A shekarar da ta biyo baya aka sake ɗaukar sandar daga gabar yamma zuwa Boston, kuma kuɗin da aka tara ya ninka na farko sau da dama.